Yadda ake shirya gudun kilomita 21 a Kaduna cikin wata shida, mataki-mataki

Tun da aka yi tseren kilomita 21 a titunan Kaduna a watan Nuwambar 2020, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga matasa har magidanta masu tumbi: ta ina ake farawa, kuma wata nawa mutum zai ɗauka kafin ya iya? Wanda bai taɓa gudu ba yana bukatar mako 24, wato kusan wata shida. Wanda ya saba buga ƙwallon yamma zai iya rage mako huɗu ko shida, amma ba zai tsallake tsarin ba. In tseren da kake hari a watan Fabrairu yake, ka ga a Agusta za ka fara ke nan. Bi matakan yadda na jero su, domin yawancin masu karyewa a hanya ba ragwanci ne ke kayar da su ba, sa mataki na bakwai suke yi a gurbin na huɗu.

1. Asibiti kafin titi

Je a auna maka hawan jini da sukari, sannan a yi maka gwajin jinotaif in ba ka san naka ba. Kowane asibiti ko ɗakin gwaji na unguwa yana yin waɗannan ukun, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na takalmi mai kyau ba. Wanda ya haura shekara 40, ko yake shan maganin hawan jini ko na suga, ko kuma a danginsu an taɓa samun matashin da ya yanke jiki ya faɗi ya rasu ba tare da jinya ba, ya nemi likita ya saurari zuciyarsa, ya kuma faɗa masa ƙarara cewa gudun dogon zango zai fara.

Gargaɗi: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da ciwon. Mai AS yana gudu, kuma akwai manyan 'yan wasa masu shi. Sai dai haɗuwar zafin rana, ƙishirwa da matsa wa jiki farat ɗaya na iya sa ƙafafunsa su saki, tsoka ta fara lalacewa. In ka ji ƙafa ta yi laushi ba dalili ko numfashi ya ƙi daidaita, tsaya nan take, kada ka ce bari in ƙarasa zagayen. Mai sikila, wato SS, ba wannan jagorar ce tasa ba, likitansa ne zai tsara masa irin motsa jikin da ya dace.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Takalmi ne kaɗai abin da ya cancanci ka zuba wa kuɗi. Sabo na asali yana da tsada ƙwarai, shi ya sa akasarin masu gudu a garin nan gwanjo suke saye, a Kasuwar Barci ko babbar kasuwar Sheikh Gumi. Ba laifi, amma a iya zaɓa. Je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita. Sa takalmin ka tsaya: ya zama akwai tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin doguwar yatsar ƙafarka da bakinsa. Juya shi ka duba ƙasan, in gefen diddige ɗaya ya cinye ya bar ɗayan, ajiye wa mai shi. Danna soson tsakiya da yatsa, in ya yi tamoji-tamoji bai dawo ba, wanda ya sa shi a can ya riga ya shanye romon. Sabon takalmi yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya mutu, na gwanjo ka ƙaddara rabin haka.

Sauran kaya ba su da wuya. Rigar 'yan ƙwallo ta fi ta auduga, don auduga tana riƙe zufa ta goge fata. Ƙaramin kwalbar basilin don shafawa a matsematsi, hammata da kan nono kafin dogon gudu. Agogon hannu mai nuna daƙiƙa. Wayar da ke hannunka ta isa auna nisa in ka sauke manhaja irin Strava. Agogon GPS mai tsada bar shi sai ka shekara kana gudu.

'Yan'uwa mata su nemi rigar mama ta wasanni mai riƙewa sosai, da ƙaramin hijabi mara nauyi mai haske, da dogon wando sakakke. Kaya baƙi masu kauri suna tara zafi.

Gargaɗi: kambas mai shafaffen ƙasa da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ba na gudun kwalta ba ne. Ciwon ƙwauri da na agara daga nan suke farawa.

3. Wuri da lokaci

Bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai da rabi shi ne lokacin gudu a Kaduna: iska da sanyi-sanyi, motoci ba su fito ba. Dandalin Murtala ya fi dacewa da sabon shiga, domin akwai jama'a kuma ba ka kokawa da 'yan Keke Napep. In ka samu filin tsere mai mita 400 irin na filin wasa na Ahmadu Bello, zagaye biyu da rabi a layin ciki shi ne kilomita ɗaya. Dogon gudu kuwa titunan Unguwar Rimi, Malali da Independence Way da sassafe sun wadatar.

Gargaɗi: a titi ka bi hannun hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa. Kada ka toshe kunnuwa biyu da abin jin sauti. Kuma hanyoyin bayan gari cikin duhu ba na mutum ɗaya ba ne, ku fita ku uku ko huɗu, a gida a san inda kuka nufa.

4. Mako 1 zuwa 6: tafiya da sassarfa

Sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani, misali Litinin, Laraba da Asabar. Kowace fita ka buɗe ta da tafiyar minti biyar mai ɗan sauri, ka rufe da irinta.

A mako na 1 da na 2, sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti biyu, sau takwas. A na 3, minti biyu da biyu, sau bakwai. A na 4, sassarfa uku, tafiya ɗaya, sau shida. A na 5, sassarfa biyar, tafiya ɗaya, sau biyar. A na 6, sassarfa goma, tafiya ɗaya, sau uku.

Za ka ji kamar wasan yara ne, musamman in wani dattijo ya wuce ka yana murmushi. Daure. Zuciya da huhu suna sabawa cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi sai sun ɗauki watanni. Haɗarin ke nan: a mako na huɗu numfashinka zai ce maka ka isa, alhali ƙwaurinka bai isa ba. In mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, babu wanda ke ƙirga maka.

5. Nemo saurinka na sauƙi

Wannan shi ne matakin da nake so a tsaya a kansa, don shi ne ƙashin bayan komai.

Mu nan mun ɗauki gudu a matsayin azaba. Garin sojoji ne, mun tashi muna ganin kurata suna gudu suna waƙa, sai muka ɗauka in ba a jiƙe sharkaf ana haki ba, ba a yi atisaye ba. Je Dandalin Murtala ranar Asabar ka gani: samari shida sun fito tare, na gaba ya ja, na baya ba ya son a ce ya gaza, kafin minti goma sha biyar biyu sun dafa gwiwa, ɗaya yana amai a gefen kwata. Mako uku ka neme su ka rasa.

Manyan 'yan tsere ba haka suke yi ba. Stephen Seiler, masanin motsa jiki ɗan Amurka da ke aiki a Norway, ya bi diddigin atisayen gwanayen gudu, tseren keke, tuƙin kwalekwale da zamiyar ƙanƙara, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 na fitarsu a hankali suke yi, kashi 20 ne kawai mai zafi. Dalilin a jiki yake. Gudu a hankali na tsawon lokaci shi ke ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini cikin tsoka, ya ƙara jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, ya koya wa jiki ƙona kitse ya adana sukarinsa. Kuma ba ya gajiyar da kai har ka kasa fita jibi. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanyar ganewa biyu ce. Ta farko ba ta bukatar ko sisi: kana gudu ka yi hira da na kusa da kai. In za ka iya ba shi labarin wasan jiya jimla bayan jimla, kana daidai. In sai kalma biyu-biyu ke fita, ka yi sauri, rage. In ragewar ta kai ka ga tafiya, yi tafiyar.

Ta biyu bugun zuciya ce. Ninka shekarunka da 0.7, ka cire abin da ka samu daga 208, shi ne ƙiyasin iyakar bugun zuciyarka a minti. Ɗan shekara 30 zai samu 187. Gudun sauƙi yana tsakanin kashi 65 zuwa 75 na wannan, wato bugu 122 zuwa 140. Tsaya, ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaro, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka da huɗu. Lissafin ƙiyasi ne, yakan kauce da bugu goma sama ko ƙasa, don haka in ya saɓa da gwajin hira, bi hirar.

Daga mako na 7 zuwa na 10, fita uku ko huɗu a wannan saurin, minti 30 zuwa 40, ta Asabar ta ɗan fi tsawo har ta kai kilomita 7.

Gargaɗi: zaɓi abokin gudu daidai kai. In ƙungiyarku ta fi ƙarfinka, ku haɗu a farko, ku haɗu a wajen mai shayi, tsakiya kowa ya kama gabansa.

6. Mako 11 zuwa 22: dogon gudun mako

Rana ɗaya a mako, nisa kake nema. Ga jerin kilomitocin mako-mako: 8, 9, 10, 7, sai 11, 12, 13, 9, sai 14, 16, 12, 18. Ka lura ana hawa ana saukowa. Makonnin saukowar nan ba asara ba ne, a cikinsu jiki ke gyara abin da aka rusa. Sauran fita biyu ko uku na mako su tsaya kilomita 5 zuwa 8.

Za ka ji ana cewa kada a ƙara sama da kashi 10 a mako. Shawara ce mai kyau, amma ba aya ba ce. An gwada ta a Holland a 2008 a kan sababbin masu gudu sama da 500, aka ga waɗanda suka bi ta da waɗanda ba su bi ba kusan ɗaya suka ji rauni, mutum ɗaya cikin biyar a kowane ɓangare. Wani binciken a Denmark a 2014 ya nuna waɗanda suka ƙara sama da kashi 30 cikin mako biyu sun fi kamuwa da irin ciwon da yawan nisa ke jawowa, kamar na gwiwa. Abin gudu dai shi ne babban tsalle, musamman bayan hutu. Wanda ya yi tafiya ko jinya ta mako biyu ya koma baya da mako biyu a jerin.

Ba sai ka yi cikakken 21 a atisaye ba. Wanda ya yi 18 cikin natsuwa, hutun makonnin ƙarshe da ɗokin ranar za su ƙarasa masa ukun.

Gargaɗi: bambance tsamin jiki da rauni. Tsami yana kama ɓangare biyu, yana sakin ka in jiki ya ɗumi, ya wuce cikin kwana biyu ko uku. Rauni wuri ɗaya yake, za ka iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa da gudu, har ya sa ka ɗingishi. Ciwo a kan ƙashin ƙwauri wanda ko tsalle da ƙafa ɗaya ba ka iyawa yana iya zama tsagewar ƙashi. Hoto ake yi a asibiti, kada a kai wa mai ɗori ya murza.

7. Ranar gudun sauri da ƙarfafa jiki

Sai mako na 13 za ka shigo da ita, sau ɗaya a mako, kuma kada ta zo dab da dogon gudu. Ɗumama jiki da sassarfar minti 10, sannan minti uku da ƙarfi, irin wanda magana ba ta wuce kalma biyu, minti biyu sassarfa, sau huɗu. Duk mako biyu ƙara ɗaya har shida. Na ƙarshe ya zama daidai da na farko a sauri. In na farkon ya fi, ka yi zalama.

Sau biyu a mako, minti 15 a tsakar gida: tsuguna ka tashi sau 12, hawa matakala da ƙafa ɗaya sau 10 kowace, ɗaga diddige ka tsaya kan yatsu sau 15, sai kifa ciki ka tokare da gwiwar hannu na daƙiƙa 30. Zagaye uku. Bincike ya nuna ƙarfafa tsoka yana rage rauni, yana kuma sa mai gudu ya kashe ƙarancin ƙarfi a kowane taku. Tsallen kwaɗo kuwa a bar wa masu horon ladabtarwa.

8. Ruwa, gishiri da abinci

Auna zufarka sau ɗaya. Hau sikeli kafin gudun awa guda, hau bayan ka dawo ka goge jiki, da kaya marasa nauyi. Duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa, wato ledar fiyawata biyu. Ƙara abin da ka sha a hanya. In raguwar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, kilo 1.2 ke nan ga mai kilo 60, gudu ya fara nauyi, musamman cikin zafi. Gudun da bai kai awa ba, kofi ɗaya ko biyu kafin fita ya isa. Wanda ya wuce awa, riƙe leda ɗaya kana kurɓa, ka san shagon da za ka ƙara. Fitsari ruwan ɗorawa mai duhu yana nufin ruwa bai isa ba.

Gargaɗi: yawan ruwa ma yana kisa. A tseren Boston na 2002 an auna jinin masu gudu 488 bayan sun gama, kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma babban dalili shi ne shan ruwa fiye da zufar da suka yi. Waɗanda suka fi daɗewa a hanya, irin sabon shiga, su suka fi faɗawa. Sha gwargwadon ƙishi. In ka dawo nauyinka ya ƙaru, ka wuce gona da iri. Bayan dogon gudu cikin zafi, ruwan gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kemis ya wadatar, ko ka haɗa: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Gudun da ya haura minti 75 yana son abin zaƙi a hanya, giram 30 zuwa 60 a awa. Dabino shida suna ba da kusan giram 30 na sukari. Cire ƙwallayen tun a gida, ƙulla a leda, ci biyu duk minti 20. Daren dogon gudu, tuwo, shinkafa ko dankali, a rage yaji da mai. Da asuba ayaba ɗaya ko rabin kofin koko. Bayan an dawo, fura da nono ko ƙosai da kunu ko burodi da ƙwai, duk sun haɗa sitaci da abin gina jiki. Garin gina jiki na gwangwani mai tsada ba shi da gurbi a nan. Mata su kula da ƙarancin jini: gajiya da ba ta tafiya ko ɗaukewar al'ada dalili ne na ganin likita.

Gargaɗi: kada ka sha diclofenac ko ibuprofen kafin dogon gudu don kashe ciwo. In suka haɗu da ƙishirwa, ƙoda ce ke ji a jikinta. Tramadol kuwa, ban da illarta da kowa ya sani, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta ta a gasa tun Janairun 2024.

9. Hunturu, bazara, azumi da zazzaɓi

Wata shida dole ya ratsa aƙalla ɗaya daga cikinsu. A hunturu, ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, yi atisayen tsakar gida. Mai asma ya fita da abin shaƙarsa a aljihu. Busasshiyar iska tana shanye zufa kafin ka gan ta, don haka kada sanyi ya hana ka shan ruwa.

A Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 35, jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba. Rage sauri, rage nisa, ka gama kafin rana ta ɗaga. Wanda ya fara sambatu, tangaɗi ko rikicewa a cikin gudu, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki ana fifita, sannan a garzaya asibiti. Sanyayawar ce farko.

A azumi riƙe abin da ka samu kawai, ba lokacin ƙari ba ne. Sassarfar minti 20 zuwa 30 dab da shan ruwa, ko kuma bayan tarawi in akwai wuri mai haske. Dogon gudu bayan sahur kuskure ne.

Zazzaɓi kuwa, na cizon sauro ne ko na mura, ba a gudu da shi, kuma ba a fitar da shi ta zufa kamar yadda ake faɗa. Gama magani, ƙara kwana uku zuwa biyar jiki garau, sannan ka dawo da rabin nisa.

10. Mako biyu na ƙarshe da ranar tsere

Rage jimillar nisanka da kusan rabi, amma ka bar ɗan gudun sauri kaɗan don ƙafa ta kasance a farke. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2007 ya nuna irin wannan ragewar ta mako biyu ita ta fi ba da sakamako. Dogon gudun mako na 23 kilomita 10 zuwa 12 ne. A makon tseren fita biyu gajeru, sai hutun kwana biyu. Yanke farcen ƙafa kwana uku kafin ranar. In Legas za ka, isa da kwana biyu, kuma ka sa a rai damshin iskarsu zai sa zufa ta ƙi bushewa, sai ka rage sauri.

Ranar kanta kada ka sa sabon takalmi, sabuwar safa, ko ka ci abin da ba ka gwada ba a atisaye. Karya awa biyu zuwa uku kafin a tashi. Shafa basilin, ɗaure igiyar takalmi ƙulli biyu, rubuta sunanka da lambar wayar wani ɗan'uwa a bayan lambar ƙirjinka.

Da an busa usur jama'a za su kwasa a guje. Bar su. Yi kilomita 5 na farko a saurin hira, daga 5 zuwa 15 ka daidaita, dabino biyu duk minti 20, kurɓi biyu ko uku a kowane teburin ruwa. In ka kai 16 da sauran ƙarfi, nan ne za ka saki ƙafa. Ciwon ƙirji, jiri ko duhun gani, tsaya ka nemi ma'aikatan lafiya. Bayan ka tsallake layi kada ka zube, yi tafiyar minti goma, ka ci wani abu cikin awa guda, sannan ka ba ƙafa mako guda cur na tafiya kawai kafin ka koma sassarfa.